Bundala da Akwatin Wuta Mai Kilo Uku da Rabi

Ranar da Shemeji Bundala ya ajiye aikin awon kifi a bakin tafki a Kirumba, bayan shekara ashirin da biyu yana rataya giwan ruwa a sikeli, sai ya dawo gida ya sanar da mu cewa daga yau shi injiniyan kwamfuta ne. Babu wanda ya tambaye shi inda ya karanta. Mun san in aka tambaya, shayi zai huce ba a kai rabin amsar ba.

Bundala mijin yayata Kabula ne, wadda ake kira Maman Minza, shi ya sa nake ce masa Shemeji, wato mijin yaya. Ni ce Nyamizi, ɗakina na jikin nasu a unguwar Pasiansi, don haka duk abin da zan faɗa, ko dai na gani da idona, ko na ji ta bango. Ina son Shemeji, Allah ya sani, amma ban taɓa ganin mutumin da bakinsa ke riga hannunsa isa wuri kamarsa ba.

Wata uku yana tsince-tsince a kasuwar gwanjo. Yau ya shigo da allon ciki naɗe a jarida, gobe fanka, jibi wani kwangon ƙarfe da ya kusa kai durowar kaya girma. Ya haɗa, ya kwance, ya sake haɗawa. Abin da ya ba kowa haushi, sai kwamfutar ta tashi! Ya raɗa mata suna Malkia, wato sarauniya, kuma daga ranar unguwa ba ta sake samun sakat ba.

"Wannan da kuke gani, ko a banki babu irinta," in ji shi.

Mzee Luhende, dattijon maƙwabcinmu, tsohon matuƙin jirgin fito wanda yanzu aikinsa zama a kan dutsen ƙofar gida, ya ce, "Tana tuƙa tuwon ugali?"

"Mzee, wannan tambayar ta mutanen da ce."

"To mutanen da sun ci sun ƙoshi."

Ita Yaya Kabula ita ke jagorantar mawaƙan ɗan cocinmu, mu goma sha tara. Shekara goma sha ɗaya muna shiga gasar mawaƙan garinmu na Mwanza, ba mu taɓa wuce zagayen farko ba. Bana sai muka kai na ƙarshe, da wata waƙa da ta shekara cur tana gyara ta, a bakin murhu da wajen wanki. Ƙungiya uku na farko za su tafi gasar ƙasa a Dodoma. Kiɗan waƙar kuwa Mwalimu Kasubi, wani malami, shi ne ya buga a fiyanonsa, aka naɗa a cikin Malkia. Daga nan ya sayar da fiyanon ya tafi haƙar zinariya a garin Geita, wayarsa ma ba ta shiga. Wato kiɗan nan babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin wannan kwangon, gasa kuma ranar Asabar ce da ƙarfe uku.

Yaya ta ce, "Baban Minza, ka juye mini kiɗan nan a filashi mana, hankalina ya kwanta."

"Filashi? A jikin Malkia? Abin da ake tsomawa a kowace kwamfuta a garin nan kamar cokalin mai shayi? So kike ya kwaso mata cuta?"

"To yaya za mu yi ranar Asabar?"

Nan ya buɗe mana shirinsa. Malkia da kanta za ta je zauren gasa. Za a ɗora ta a tebur a gaban dandamali, duk Mwanza ta ganta, a tambayi wanda ya ƙera. Kafin wata ya ƙare sai ya buɗe shago a tsakiyar gari. Har sunan shagon ya riga ya zaɓa.

Ranar Talata da safe ya danna makunni. Shiru. Ya sake dannawa. Ya danna da babban yatsa, ya danna da gwiwar hannu. Malkia ko tari ba ta yi ba.

"Ƙura ce," ya ce, ko gezau.

Ya aro famfon keken Mzee Luhende, ya buɗe cikinta a tsakar gida inda muke karyawa, ya shiga bugawa. Ƙurar shekara goma ta ƙasashe uku ta tashi ta sauka a shayinmu da fanken mandazi. Wata tsaka ta fito a guje ta shige ƙafar wandonsa. Ya yi rawar da ba mu taɓa sanin ya iya ba. Da ya nutsu ya danna makunni, shiru.

"To sanyin tafki ne ya shige ta."

Ya kai ta kan faffaɗan dutsen bayan gida inda mata ke shanya ƙananan kifi, ya bar ta a buɗe ta sha rana. Da la'asar ya je ɗauka ya tarar da kazar Mzee Luhende kwance a ciki, ta yi ƙwai a kan wayoyi.

"Ƙwaina ne," in ji Mzee.

"A cikin kwamfutata aka yi shi!"

"To ka ga ta fara amfani. Ka bar ta a nan, in sun kai goma mu raba."

Yaya ba ta yi dariya ba. Na lura tun rana ba ta ci komai ba, sai ta ɗauki tsintsiya ta share inda ta riga ta share. Abin ya taɓa mini zuciya. Washegari da sassafe na je na jawo ƙawata Fundi Mwajabu, wadda ke da shagon gyaran wayoyi da kwamfuta kusa da tashar motocin haya na daladala.

Mwajabu ba ta da surutu. Ta cire wani ɗan akwatin ƙarfe mai fanka daga bayan kwangon, wanda shi ke karɓar wuta daga bango ya rarraba wa sauran kayan. Ta lanƙwasa 'yar waya, ta haɗa koriyar waya da baƙa, ta jona. Fankar ba ta motsa ba.

"Baba, akwatin wuta ne ya mutu. Sauran lafiyarsu ƙalau."

"Abin da nake shirin faɗa ke nan," in ji Bundala.

"Ka ba ni faifan ajiyar in je shago, minti goma in juye wa Mama kiɗanta. Sai ka yi gyaranka a tsanake."

"A farke cikin Malkia a kai hanjinta tasha? 'Yata, ki tsaya a wayoyin hannu."

Mwajabu ta dube ni, na dubi ƙasa. Ta ce, "To ka sayi sabo mai suna, mai takardar garanti. Wat ɗari biyar ya ishe ka. Kada ka bi lambar da aka rubuta a jiki kawai, ƙarya ta yi yawa. Na ƙwarai za ka ji ma ya ɗan fi nauyi, saboda kayan cikinsa."

"Sabo! Kayan yanzu kwali ne. Gwanjon Amurka, shi ne ƙarfe."

Ranar Alhamis kuwa sai ga shi da na Amurka a cikin leda. Ya ce kafin ya saka zai gwada shi a fili, irin gwajin da Mwajabu ta yi, wanda a cewarsa shi ya koya mata. Ya fito da tebur tsakar gida, ya ja waya daga ɗaki, maƙwabta suka taru. A bayan akwatin akwai wani ɗan jan maɓalli mai lamba biyu, 115 da 230.

Bundala ya ɗaga yatsa. "Kun ga Bature? Ya san da talaka. In ka sa a ɗari biyu da talatin, ya cinye maka katin mita cikin kwana uku. In ka sa a ɗari da sha biyar, rabi zai ci."

Na ce, "Shemeji, ko a kira Mwajabu a tambaya?"

"Nyamizi, ke da muryarki ta uku ce a waƙa, ki bar lissafi ga masu shi."

Ya tura maɓallin zuwa ƙaramar lamba, ya jona.

Ƙarar da ta tashi, kajin unguwa sai da suka kwana biyu ba su yi ƙwai ba. Wani shuɗin haske ya yi tsalle, hayaƙi ya biyo, wutar gidan haya gaba ɗaya ta ɗauke. Daga shagon gyaran gashi na gaba sai ga wata mata ta fito, rabin kanta a miƙe, rabi a cukurkuɗe, ga tawul a wuya.

"Waye? Waye ɗan banzan? Ƙarfe huɗu ake kai ƙanwata gidan miji!"

Duk yatsun tsakar gidan suka nuna wuri ɗaya. Bundala na tsaye da filogi a hannu, girarsa ta hagu babu ita.

"Mama, gwaji ne."

"Gwaji? Zo ka gwada fita da wannan kan!"

Mzee Luhende ya ce, "Gaskiyarsa ne fa. Rabin wuta ya ce zai ci. Ga shi yanzu ba mai cin ko kaɗan."

Sai daga baya Mwajabu ta gaya mini cewa ƙaramar lambar ta wutar Amurka ce, tamu ta ninka ta. Allah ya taimaka bai saka shi cikin Malkia ba.

Ranar Juma'a Yaya ta ce in bi shi kasuwa, kada in bari ya sayi wani abin sai mai garanti. Na ga ya rataya jaka a kafaɗa, ban kawo komai ba. Sai da muka shiga wani lungun masu kayan wuta, ya zaro tsohon sikelinsa na kifi, mai ƙugiya.

"Shemeji, me za ka yi da wannan?"

"Ba ki ji ƙawarki ba? Na ƙwarai ya fi nauyi. To maganar nauyi a garin nan, wa za a tambaya in ba ni ba?"

Duk abin da Mwajabu ta faɗa, wannan kaɗai ya shiga kunnensa. Shago biyar muka shiga. Ko'ina sai ya sa a sauko da akwatunan wuta, ya saƙala su a ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, ya kanne ido yana karanta allura.

"Kilo ɗaya da kwata. Wannan ai jariri ne, a mayar da shi ruwa."

Wani ya nuna masa mai garantin shekara uku. Ya auna, kilo biyu ba kaɗan. Ya taɓe baki.

A shago na shida, mai shagon ya daɗe yana kallonmu yana murmushi. Ya sunkuya ƙarƙashin kanta ya fito da wani baƙin akwati mai hoton dodo yana aman wuta, an rubuta wat dubu biyu da ruwan zinariya.

"Mzee, wannan ba kowa nake nuna wa ba. Sai wanda ya san kaya."

Bundala ya rataya. Allura ta zarce har kilo uku da rabi. 

Na ce, "Yana da garanti?"

Mai shago ya ce, "'Yar'uwa, nauyinsa ai shi ne garantinsa."

"Kuma me ya sa ya fi duk sauran araha?"

Bundala ya ja ni gefe. "Kada ki tona masa, bai san abin da yake da shi ba. Nyamizi, shekara ashirin da biyu masunta na cusa wa kifi duwatsu a ciki don ya yi nauyi. Ko ɗaya bai taɓa wuce ni ba. Ni za a cuta a kan sikeli?"

Muka dawo gida ya ɗaura. Ya danna makunni. Wallahi sai Malkia ta tashi, kiɗan Mwalimu Kasubi ya cika ɗakin. Yaya ta dafe ƙirji ta zauna a bakin gado, idonta ya kawo ruwa.

"Baban Minza, don girman Allah, yanzu da ta tashi, a juye."

Na zaro wayata in naɗa ko ta lasifika ne. Ya yi wuf ya kashe.

"Kada a gajiyar da ita. Gobe tana da babban aiki."

Ranar Asabar da safe, don kada Malkia ta je taro ba kwalliya, ya ƙara mata fanka huɗu da igiyar ƙananan fitilu ja da shuɗi, duk ya jona su a jikin dodon. Ya ce mai wat dubu biyu ko injin niƙa zai ja. Ya sa kwat da taye, ya zana girar da ta ƙone da kwallin Yaya. Aka ɗauki hayar bajaji, keke mai ƙafa uku, domin Malkia, mu mawaƙa muka bi daladala.

Zauren ya cika har tagogi. Kowace ƙungiya in an kira ta, sai shugabanta ya miƙa wa mai kula da sauti ɗan filashi kamar yatsa. Da aka kira mu, sai ga maza biyu suna nishi da durowa, Bundala na gaba yana buɗe musu hanya.

Mai gabatarwa ya ce, "Jama'a, waɗannan da firjinsu suka zo."

Bundala ya karɓe makirufo. "Sunanta Malkia. Ƙirar hannuna ce, ni Injiniya Bundala Lutonja. Mai son irinta ya same ni bayan taro."

Ya danna. Fitilu suka kama walƙiya, fanka shida suka ɗauki gurnani, mutane suka yi tafi. Kiɗa ya shigo. Muka jeru cikin korayen rigunanmu, Yaya ta ɗaga hannu, muka ja numfashi. Mun yi baiti na farko lafiya, har na ga ɗaya daga cikin alƙalan yana gyaɗa kai.

Sai wata tsohuwa a layin gaba ta ce da ƙarfi, "Wa ke ƙona roba?"

Fitilun suka yi fari fat. Kiɗan ya ja wata doguwar ƙara, sannan tau! Hayaƙi ya turnuƙe daga bayan Malkia. Layin gaba ya watse, mai kula da sauti ya yi tsalle ya fizge waya daga bango, wani ya kwarara ihu a kawo ruwa, Mwajabu ta fito daga cikin taro tana cewa kada wanda ya kuskura ya watsa mata ruwa.

Bundala ya ɗaga hannu biyu. "Wutar zauren nan ce ba ta da kyau! Akwatina kilo uku da rabi ne! A buɗe a gani!"

"Baba, a bari sai an je gida," in ji Mwajabu a hankali.

"A buɗe a gaban kowa!"

Ta buɗe. Ya karɓa ya ɗaga sama ya juya shi don jama'a su ga kayan ciki. Wani ɗan allo ne a ciki, bai fi tafin hannu ba, ya ƙone ƙurmus. Sai kuma wani dunƙulen siminti naɗe da baƙin salatif, wanda ya sulluɓo ya sauka daidai kan babban yatsan ƙafarsa.

 Can daga baya wani ƙato ya miƙe, masunci ne daga Kirumba.

"Bundala! Ba kai ne ka kore ni daga layi saboda tsakuwa ɗaya a cikin kifi ba? Kai ga shi bulo guda ka saya!"

Dariyar da aka yi, har alƙalai sai da suka kifa kai a tebur. Bundala na tsalle da ƙafa ɗaya, gumi ya wanke girar kwalli ta gangaro masa har kumatu.

Ni ban yi dariya ba, don ina kallon Mwajabu. Ta zaro faifan ajiya, ta shinshina, ta juya shi, ta nuna wa Yaya wani baƙin tabo a bayansa.

"Mama, ki yi haƙuri. Faifan ma ya ƙone, kiɗan ya tafi."

Yaya ta tsaya kawai. Shekara goma sha ɗaya, ga shi an zo bakin ƙofa. Na ji kamar in shaƙe Shemeji da tayensa. Babban alƙali ya share hawayen dariya ya ce doka doka ce, minti biyar, ko mu ci gaba ko a kira na gaba.

Yaya ta goge ido da gefen riga. Ta taka har gaban tebur, ta kama wayoyin cikin Malkia ta fizge su gaba ɗaya ta zubar a ƙasa. Ta jawo kujera.

"Baban Minza, zauna. Kifa kwangon nan tsakanin ƙafafunka."

Ya zaro ido. "Maman Minza, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka ƙona."

"Ni fa injiniya..."

"Ni a dandalin ƙauye, can Ngudu, na fara ganinka, ranar rawar girbi, ba riga, kana dukan ganga har fatar ta fashe. Don wannan na aure ka, ba don sikeli ba. Cire kwat ɗin."

Ashe Shemeji makaɗi ne! Ina ƙarama lokacin, kuma tun da ya shigo birni ya binne maganar, wai kiɗan ganga na 'yan ƙauye ne. Ya cire kwat jiki a sanyaye. Ya ɗan taɓa gefen kwangon, ya taɓa tsakiya, ya karkata kai yana saurare. Yaya ta tafa masa sau huɗu.

Ban san yadda zan kwatanta ba. Hannun nan da ya kwana biyar yana ɓarna, sai ga shi ya san inda zai sauka. Tsakiyar ƙarfen na ba da murya mai kauri, gefe na amsawa, zoben aurensa na ƙara wani ɗan kas-kas a kan kusurwa. Muka shiga. Kafin baiti na biyu zauren na tafi tare da mu, masuncin nan na baya ya fito fili yana girgiza kafaɗa. Yaya na ba da hannu tana kuka tana waƙa, ni ma muryata ta uku sai da ta karye sau biyu.

Muka zo na uku, da ratar maki ɗaya tsakaninmu da na huɗu.

A waje, mata na ta guɗa suna rungumar Yaya, sai na jiyo muryar Shemeji a gindin bishiya, ya tara mutane, takalmi ɗaya a hannu.

"Ai tun wajen zaɓen kwangon na duba kaurin ƙarfen. Injiniya na gaske kullum yana da shiri na biyu..."

Yaya ta ratsa taron ta tsaya a gabansa. 

"Dodoma saura mako shida," ta ce. "Gwaji Talata da Alhamis da Asabar, ƙarfe huɗu. Akwai rigar mawaƙa guda da ta rage, ta marigayiya Mama Holo ce, za a buɗa maka ita a kafaɗa."

"Maman Minza, shagon fa da zan..."

"Kai ka ƙona mini kiɗa, Baban Minza. Daga yau kai ne kiɗan. Ɗauki gangarka mu tafi gida."

Ya sunkuya ya ɗora kwangon a ka, ya biyo mu yana ɗingishi.